Ajin Ranar Alhamis: Yadda Na Koya wa Ɗalibai Rubuta Labarin Ban Tsoro

Tun da muka rufe ajin nan, da wuya wata ya wuce ban samu kiran wani malamin Hausa ko wata marubuciya 'yar'uwata ba, ana tambayata ta ina na fara, nawa na kashe, kuma yaya aka yi iyaye suka yarda. Kullum sai na kashe waya nake tuna rabin abin da ban faɗa ba. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi daki-daki yadda ya faru, har da inda na yi tuntuɓe, don mai niyya kada ya faɗa ramin da na faɗa.

Abin ya samo asali ne a cikin azumin 2023. 'Yar yayana, lokacin tana aji ɗaya na babbar sakandare, ta kawo mini wani labari da ta rubuta a bayan littafin lissafinta, ta ce na ban tsoro ne, in duba mata. Shafi huɗu ne. Akwai wani gidan bene a tsakiyar daji, ƙanƙara na zuba, ga wani farin mutum mai dogayen haƙora yana shan jinin matafiya. Yarinyar nan fa iyakar tafiyarta Zariya. Na ce mata, ke da har yau ba kya iya ratsa tsakar gida da daddare sai an raka ki, me ya hana ki rubuta abin da yake hana ki fitar? Ta yi dariya ta ce, "Anti, ai wannan ba labari ba ne." Amsar nan ta tsaya mini a rai har bayan Sallah.

Satin da aka koma makaranta na shirya na tafi wata sakandaren 'yan mata ta gwamnati, ta jeka-ka-dawo, da ke kusa da unguwarmu a nan Kano. Hannu rabbana na tafi, ba takarda ba komai, a tunanina tunda kyauta zan yi, da gudu za a karɓe ni. Baba maigadi ya ajiye ni a benci ƙarƙashin darbejiya fiye da awa ɗaya, don lokacin ana ta hidimar shirin jarrabawar WAEC, kowa a tsaye yake. Da na samu shiga, shugabar makarantar ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "Malama, abin naki ya yi mini, amma ni ba ni da ikon shigar da baƙo aji. Sai da takarda daga ofishin shiyya." Ta yago takarda ta rubuta mini abubuwan da zan haɗa: wasiƙar neman izini, tsarin darasi na mako-mako, kwafin katin ɗan ƙasa, kwafin takardun karatuna, da wasiƙar gabatarwa daga wanda ya san ni a harkar rubutu. Wannan ta ƙarshen na samo ta daga shugaban ƙungiyar marubutan da nake ciki, a kwana biyu.

Ofishin shiyya sau uku na je. Zuwan farko aka ce mai sa hannu ya fita zagayen makarantu, na bar takarduna a hannun magatakarda na juyo. Nan ne kuskurena na farko, domin ban sa an buga mini hatimin karɓa a kwafina ba. Da na dawo bayan mako guda aka nemi takardun sama ko ƙasa aka rasa, kuma ba ni da shaidar na taɓa kawo su. Allah ya sa akwai ragowar kwafi a jakata. A wannan zuwan ne na ga mai sa hannun, wani dattijo mai fara'a. Ya sa tabarau ya karanta kan wasiƙar, inda na rubuta da manyan baƙaƙe cewa ina neman izinin koyar da labarin aljanu da fatalwa. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Hajiya, in wani uba ya zo ya tsare ni, da wannan takardar zan kare kaina?" Na ce ranka ya daɗe, to yaya zan yi? Ya ce in sake rubutawa da ainihin abin da zan koyar, wato ƙagaggen labari da ƙa'idojin rubutun Hausa, sannan a cikin tsarin darasi in bayyana cewa labarin ban tsoro ne za mu yi atisaye da shi, da dalilin zaɓensa. A hanya na yi ta jin haushi, amma da na zauna rubutawa sai na ga gaskiyarsa. Ni kaina a lokacin ne na fara tambayar kaina dalili. Na rubuta cewa a labarin ban tsoro yaro ba ya iya ɓoye raunin rubutunsa: ko dai mai sauraro ya tsorata, ko ya yi hamma, kuma marubucin yana gani da idonsa. Zuwa na uku aka ba ni takardar amincewa mai layi biyar. Daga ranar da na fara taka makarantar zuwa ranar, mako uku ke nan. Ko sisi ba a karɓa a hannuna ba, kuɗin mota da na hoton takardu kawai na kashe.

Malamar Hausa ta makarantar ce ta zaɓo mini ɗalibai daga aji ɗaya da aji biyu na babbar sakandare, 'yan aji uku suna fama da jarrabawa. Muka raba takardar neman yardar iyaye guda 30, da Hausa muka rubuta ta, ba kwana-kwana, aka faɗi irin labarin da za a koya da lokacin tashi da lambar wayata. Guda 24 suka dawo da sa hannu. Iyaye huɗu suka ce a'a, biyu kuma aka ce takardar ta ɓata. Ban bi kowa da magiya ba. Sai na sake yin wani kuskuren, na sa ajin ranar Asabar da safe. Yara bakwai suka zo. Na manta sarai cewa Asabar da Lahadi ranakun Islamiyya da hadda ne, ni da na tashi a cikin wannan tsarin. Muka mayar da shi Alhamis bayan an tashi, tunda Alhamis da Juma'a ne hutun yawancin Islamiyyu: a yi azahar, a fara ƙarfe biyu, a tashi uku da rabi. Ana saura kwana uku mu fara, ranar 29 ga Mayu, aka sanar da janye tallafin man fetur, kuɗin adaidaita sahu ya yi tashin gwauron zabi, yara da dama suka koma takawa a ƙasa. Saboda haka tashi uku da rabi ya zama doka ko da muna tsakiyar magana, don su tafi gida a ayari. Na sayi littafin rubutu 30 a kan naira 4,500, kwalin biro 2,000, sannan kowane mako ruwan leda da biskit na kamar 2,500. Kada mai niyya ya raina wannan biskit ɗin. Yarinyar da ta fito tun bakwai na safe ba ta da kan ƙirƙirar komai in cikinta na kuka.

Alhamis ta farko ban koyar da komai ba. Na ce kowa ta rubuta mini labarin ban tsoro a shafi biyu, minti arba'in. Da daddare na baje littattafan a kan gado ina karantawa, dariya na cina, takaici na cina. Kusan duk a layi na uku ko na huɗu aljanin ya riga ya fito, da jajayen idanu da farata zaƙo-zaƙo da kofato. Jini kuwa kamar a mayanka. Wasu sun kwaso daga finafinan Indiya, wasu daga na Amurka, wasu daga littattafan da suke karantawa a wayoyin yayyensu. Guda 11 cikin 24 sun ƙare da "sai kawai na farka, ashe mafarki nake yi." Babu ko ɗaya da ya sa na waiwaya bayana.

Mako na biyu na hana su buɗe littafi. Na ce kowa ta gaya mana abu ɗaya da ya taɓa ba ta tsoro da gaske tana ƙarama, kuma ban yarda da abin da aka gani a talabijin ba. Da farko aka yi tsit, ana kallon-kallo. Sai na fara da nawa: hijabin mahaifiyata da ake ratayewa a ƙusa bayan ƙofa, wanda in an ɗauke wuta yake zama doguwar mace a tsaye. Kamar na ɓalle bakin kwata. Wata ta ce tarin akuyar maƙwabta cikin dare, sak tarin tsoho. Wata ta ce tafiya banɗakin da ke bayan gida riƙe da buta, ana jin kamar wani na tafe a baya. Aka kawo kukan mujiya, da kangon da ke lungunsu, da tsamiyar bakin makabarta, da rijiyar da aka rufe da kwano aka ɗora dutse, da guguwa in ta taso tana juyi a fili yara na watsewa, da gargaɗin iyaye kada a zubar da ruwan zafi ba bisimilla, da yadda ake kora yara cikin gida da magariba. Allo ya cika har ina rubutu a gefe-gefe. Na ce to ku duba, wannan duka naku ne, ba wanda ya ara muku. Daga nan na ce zan yi musu tatsuniya. Wata daga baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, da rana? Sai an ɗaure Gizo." Aka ɗaure Gizo ana dariya, na ce ga ta nan ga ta nanku, suka amsa ta zo mu ji ta. Na ba su ta budurwar nan da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba, yadda kakata take ba mu ita. Da na kai ƙurunƙus sai na tambaye su: a wane wuri gabanku ya fara faɗuwa? Ba wadda ta ce lokacin da mijin ya rikiɗe. Duk suka ce tun lokacin da aka duba jikinsa kaf aka rasa tabo ko ɗaya, ita tana murna, mu kuma mun san ba lafiya ba. Wannan shi ne darasin ranar, kuma da bakinsu suka faɗe shi: mai sauraro ya riga mai labari sanin akwai matsala, ya zauna yana jira.

Mako na uku shi ne ya fi kowane yi mini daɗi. Na ba su aiki mai sharaɗi: Umma ta aike ki rufe ƙofar zaure bayan isha'i, an ɗauke wuta. Ki rubuta shafi guda daga ɗaki zuwa zaure. Ba aljani, ba jini, ba ihu, kuma kalmar "tsoro" ba za ta fito ba. Suka yi ta ƙorafi wai na ɗaure musu hannu. Na ce ku yi aiki da kunne da hanci da tafin ƙafa, ido ya huta tunda duhu ne. Muka tsaya kan kalmomin da Hausa ta tanada don wannan aiki, irin su tsit da sumumu da ƙiii na ƙyauren da ba mai, da ƙwas-ƙwas da ɗis-ɗis da wuf. Na nuna musu yadda doguwar jimla take jan mai karatu a hankali kamar mai sanɗa, gajeriya kuma ta tsayar da shi cak. Maganganun da kowa ya saba, su "tsigar jikina ta tashi" da "hantar cikina ta kaɗa" da "cikina ya ɗuri ruwa", na ce kowa an ba ta guda ɗaya tak a duk labarinta, ta zaɓi inda za ta kashe shi. Akwai wata siririyar yarinya mai zama bakin taga, tun da muka fara ban ji muryarta ba. Da na zo kanta na leƙa littafinta, ga abin da ta rubuta: "Mu bakwai ne a gidanmu. Kullum bayan isha'i ni nake jera takalman kowa a bakin ɗakin Umma. Daren nan na jera na mutum takwas. Na takwas ɗin a jiƙe yake, kuma ranar ba a yi ruwa ba." Na tsaya a kanta na kasa gaba. Ba ta ma kai zauren ba. Na nemi izininta na karanta wa aji, aka yi shiru, can wata ta ce a'uzubillahi a hankali.

A mako na huɗu muka shiga gina cikakken labari: wace ce mai labarin, me take so, me zai hana ta gudu. Wannan tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci, don mai karatu Bahaushe zai ce to me ya sa ba ta kira Baba ba, me ya sa ba ta yi addu'a ba? Dole marubuciya ta tanadi amsa. Ko Baba ya yi tafiya, ko ta kira ba a yarda da ita ba, ko ta yi addu'ar muryarta ta ƙi fita. A ranar ne na tafka kuskuren da har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Na ce su yi musayar littattafai, kowa ta tafi da na ƙawarta gida ta karanta ta kawo gyara. Ban karanta su ba tukuna. Ashe wata ta rubuta labarin mayya, kuma ta siffanta ta tiryan-tiryan: tsohuwa mai sayar da daddawa a bakin wani lungu, mai hakiya a ido ɗaya. Ba ta ambaci suna ba, amma duk 'yan unguwar sun gane wa ake nufi. Littafin ya zaga gida uku ko huɗu. Jikar tsohuwar tana ƙaramar sakandare a makarantar, kafin Litinin an fara kiranta jikar mayya. Ranar Talata mahaifiyarta ta iso ofishin shugaba, aka kira ni a waya.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Matar ba ta yi zagi ba, kuka kawai take yi tana cewa mun san abin da kalmar nan take jawowa. Kuma mun sani. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya ji labarin tsohuwar da aka yi wa rubdugu, ko aka kora daga gari, ko abin da ya fi haka muni, a kan zargin maita da ya fara daga bakin yara. Shugaba ta dakatar da ajin nan take, abin ya haɗu da hutun babbar Sallah, muka yi mako biyu ba mu zauna ba. Ni da malamar Hausa da mahaifin yarinyar da ta yi rubutun muka je har gida muka ba tsohuwar haƙuri. Muka same ta a kan tabarma tana tsince kalwa. Na durƙusa na ce Iya, laifina ne, ki yafe mana. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Ita yarinya ce, Allah ya shirye ta. Ke ce babba." Na kasa haɗa ido da ita. Aka yage shafukan a gabanta, shugaba kuma ta yi magana a taron safe ba tare da kama suna ba. Jikar ta ci gaba da zuwa makaranta, amma na san ba a rana ɗaya abin ya wuce mata ba.

Kafin a bar mu mu koma sai da aka yi zama: shugaba, malamin addinin Musulunci na makarantar, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, da ni. Na shiga da fargabar za a rufe ajin gaba ɗaya, don wani uba ma ya aiko cewa ana koya wa yara harkar iskokai. Malamin addinin ne ya sassauta lamarin. Ya ce samuwar aljanu ba abin musu ba ne, sura guda ce ta 72 a Alƙur'ani da sunansu, kuma tatsuniyar Dodo ba yau aka fara ta ba. Abin da ba zai lamunta ba shi ne a rubuta yadda ake tsafi ko surkulle dalla-dalla, ko a yi wasa da aya, ko a nuna boka shi ne mai ceto. Ni kuma na ƙara nawa: ba mutumin gaske, ba gidan gaske, ba siffar da za a gane wani da ita, ba a mayar da tsufa ko nakasa ko ciwon taɓin hankali alamar mugunta, kuma ba littafin da zai fita daga aji sai na karanta shi. Aka rubuta a takarda ɗaya, kowa ya sa hannu, aka aika wa iyaye kwafi. Da a ce tun farko na yi wannan zaman, da ban durƙusa a gaban tsohuwar nan ba. Uban da ya yi ƙorafi duk da haka ya janye 'yarsa, muka koma 23.

Makonni ukun da suka biyo baya na ƙarshen labari ne da gyara. Na soke mafarki gaba ɗaya. Na ce wadda ta tayar da mai karatu tsaye sannan ta ce masa wasa take yi, ta ci amanarsa. Muka gwada hanyoyi: a bar abu ɗaya ba a warware ba, ko a bayyana dalili na zahiri amma a bar wani ɗan abu da dalilin bai rufe ba. Wadda ta rubuta tarin akuya ta yi haka, aka gano akuya ce, kowa ya koma barci, da safe maƙwabci ya ce ai tun jajibirin Sallah ya sayar da ita. Gyaran rubutu kuwa ya ci mana lokaci fiye da zatona. Lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ da raba kalmomi su ne ciwon. Wata ta so ta ce ta buɗe ƙofa ga shi nan a tsaye, sai ta haɗe ta rubuta "gashi nan a tsaye", aji ya yi ta dariya, wata ta ce ai wannan ma ya fi ban tsoro. Kowace yarinya ta sake rubuta labarinta sau uku. Biyu sun yi kuka da na mayar musu da nasu cike da jan biro, daga nan na koma fensir, kuma na riƙa fara faɗin layin da ya fi burge ni kafin in taɓa gyara. Akwai kuma wadda labarinta ya ba ni tsoro ta wata fuskar: wani mutum ne da ke shigowa ɗaki in kowa ya yi barci, kuma ba alamar aljani a tattare da shi. Ban karanta shi a aji ba. Na kai wa malamar da ke kula da shawarwarin ɗalibai, ita ta san yadda ta zauna da yarinyar. Mai shirin irin wannan aji ya sani tun wuri cewa in ka ce wa yara su rubuta abin da suke tsoro, wata za ta rubuta na gaske, kuma ya kamata ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa kafin ranar ta zo.

Muka zaɓi labarai 12 da ƙuri'ar su kansu ɗaliban don a buga ɗan littafi. Na kai shagon buga takardu, bayan kwana biyu na karɓi gwaji, babu harafi mai lanƙwasa ko ɗaya, ƙofa ta zama kofa, ƙafa ta zama kafa. Na karɓe kayana na zauna na buga da kaina a waya da allon rubutu na Hausa, dare huɗu. Da aka buɗe a kwamfutar shagon sai haruffan suka koma 'yan akwatuna. Wani yaro a shagon ya ce in mayar da shi PDF tun daga wayata kafin in turo, aka yi haka, ya fita lafiya. Kwafi 60 muka yi, mai shafi 44, da bango na kati, kowane naira 600, ya kama 36,000. In aka haɗa da kayan rubutu, da ruwa da biskit na zama takwas, da hoton takardu na kamar 3,500, da kuɗin mota wajen 9,000, abin da ya fita daga aljihuna naira 75,000 ne a farashin wancan lokacin. Yanzu sai dai mutum ya sake lissafi. Namu rabawa muka yi a cikin makaranta, ba na sayarwa ba ne. Wanda ke son fitar da nasa kasuwa a Kano ya fara tuntuɓar hukumar tace finafinai da ɗab'i ta jiha, lambar ISBN kuma, wato lambar shaidar littafi da ake bugawa a bangonsa, a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta. A bangon kowane labari sunan farko kawai muka sa, shi ma da yardar iyaye.

In zan sake, mako goma zan nema maimakon takwas, kuma ba zan wuce yara 15 ba, don karanta littafi 23 sau uku-uku ya kusa kwantar da ni. Zan kuma gayyato tsohuwa mai iya tatsuniya ta zauna da su ko sau ɗaya, domin abin da na yi ta fama in bayyana a allo game da jan rai da sassauta murya, kakata tana yin sa ba tare da ta san sunansa ba. 'Yar yayana da ta jawo duk wannan ba a makarantar take ba, sai kwafi na kai mata. Ta karanta a daren, washegari uwarta ta kira ni tana faɗa wai na sa yarinya ta dawo ɗakinta kwana.

Ranar karatu ita ce Alhamis ta ƙarshe kafin jarrabawar ƙarshen zango. Muka ture bencina gefe, muka shimfiɗa tabarmi kamar zaman tatsuniya, kowa ta cire takalmi a bakin ƙofa. Shugaba ta zo, malamin addini ya zo, da iyaye mata shida. Hadari ya haɗu tun azahar, aji ya yi duhu ba tare da mun rufe taga ba. Aka ɗaure Gizo. Yara biyar suka karanta, aka yi dariya a wani wuri, aka yi salati a wani. Ta bakin taga ce ta ƙarshe. Muryarta ƙasa-ƙasa ce, dole kowa ya matso. A labarinta ta kai takalmin wurin kakarta, kaka ta juya shi a hannu ta daɗe tana kallo, ta ce irin wanda ƙanin Baba ya sa ne ranar da ya tafi wanka kududdufi, shekara ashirin da suka wuce. Kaka ta ce a mayar da shi inda aka gan shi, kada a gaya wa Baba. Layin ƙarshe ta karanta shi ba ta ɗago kai ba: "Da asuba na leƙa. Yana nan inda na ajiye shi, sai dai ya juyo, bakinsa yana kallon ɗakinmu." Ba wanda ya tafa sai da malamin addini ya yi gyaran murya ya ce ma sha Allah.

Uku da rabi ta yi, na ce a tashi kafin ruwa ya sauko. Yaran suka miƙe suka taru a tsakiyar aji, kowa na tura ƙawarta ta yi gaba. Shugaba ce ta fara isa bakin ƙofa, jakarta a kafaɗa. Na ga ta tsaya ta sunkuyar da kai, leɓɓanta na motsi. Ƙirga takalman take yi.